HULAR KWANO: 'Yancin Kai Ko Fasa Kai?

A watan Yulin 2011, a jihar New York ta ƙasar Amurka, ɗaruruwan mahaya babura suka fito jerin gwano domin nuna ƙin amincewarsu da dokar jihar da ta tilasta wa kowane mai babur sanya hular kwano. Da yawa daga cikinsu kai a buɗe suka fito, da gangan, wai domin su nuna wa hukuma cewa kan mutum nasa ne, ba ruwan gwamnati da shi. Ana cikin tafiya sai wani magidanci a cikinsu ya danne birki da ƙarfi, babur ya ƙwace masa, ya wuntsila ta gaba ya daki kwalta da ka. Daga nan bai sake tashi ba. 'Yan sandan jihar suka bayyana cewa da a ce yana sanye da hular da ya fito yaƙa, da akwai kyakkyawan zaton ya tsira da ransa.

Wannan labari ba abin dariya ba ne, domin rai ne ya salwanta, kuma akwai iyali da aka bari da kuka. Sai dai yana ɗauke da dukkan abin da ake gardama a kansa a Amurka tun fiye da shekara hamsin da suka wuce, gardamar da ya kamata 'yan uwa matasa su san yadda take, musamman waɗanda babur ya zama shi ne ƙafarsu, shi ne kuma sana'arsu.

Da farko dai ya kamata a fahimci cewa Amurka ba ta da doka guda ɗaya a kan hular kwano. Jihohi 50 ne, kowace da majalisarta, kowace kuma da tata dokar hanya. Mutum zai iya tasowa daga jihar da za a ci shi tara in bai sa hula ba, ya tsallaka gada ɗaya ya shiga jihar da ba mai ce masa uffan. A 1966 majalisar dokokin tarayya ta zartar da dokar kiyaye haɗurra a kan manyan hanyoyi, daga 1967 kuma gwamnatin tarayya ta shaida wa jihohi cewa duk wadda ba ta kafa dokar hular kwano ba, za a zabge mata wani kaso na kuɗin gina hanyoyi. Da yake batu ne na kuɗi, sai jihohi suka yi rige-rige. Ya zuwa 1975, jihohi 47 da birnin Washington sun tilasta wa kowane mahayi sanya hula, babba da yaro.

To amma tsugunne ba ta ƙare ba. Ƙungiyoyin mahaya babura, irin su ABATE, suka tashi haiƙan suna zarya a majalisu, suna cika harabar gidajen gwamnati da ƙarar manyan babura, suna cewa an taka musu 'yanci. A 1976 majalisar tarayya ta miƙa wuya, ta ƙwace wa gwamnati ikon hukunta jihohi da kuɗin hanya. Kafin 1980 fiye da rabin jihohin sun soke dokar ko sun sassauta ta. A 1991 aka sake dawo da matsin lambar kuɗi, a 1995 aka sake janye shi. Yau a kafa, gobe a rushe, kai ka ce ba rayukan mutane ake magana a kai ba. Bayan da jihar Nebraska ta sassauta tata a farkon 2024, jihohi 17 ne kawai da birnin Washington suka rage masu tilasta wa kowa da kowa. Jihohi uku, wato Illinois da Iowa da New Hampshire, ba su da dokar sam. Sauran kuwa suna da wata irin doka mai ƙofofi, wadda ta ce wane ya sa, wane kuma an ɗauke masa.

Waɗannan ƙofofi su ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansu, domin a nan ne ake yi wa jama'a rufa-ido.

A ɗauki jihar Florida. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Jeb Bush, aka sassauta dokar: duk wanda ya kai shekara 21, kuma yana da inshorar magani ta aƙalla dala 10,000, to yana iya hawa babur kai a buɗe. Shekara uku kafin nan, a 1997, yayansa George W. Bush ya rattaba hannu a kan irin wannan sassauci a Texas lokacin yana gwamna. Pennsylvania ta bi sahu a 2003, da sharaɗin shekara 21 da kuma shekara biyu da lasisi ko halartar kwas ɗin koyon tuƙi. Michigan ta yi nata a 2012, ta ɗaga kuɗin inshorar zuwa dala 20,000. Missouri a 2020 ta ce sai mai shekara 26 da ke da inshorar lafiya. In aka karanta a takarda sai a ce lallai an yi tsari, an kare yara, an kuma tabbatar da cewa babban da ya zaɓi kasada shi zai biya kuɗin maganinsa da kansa.

Abin tambaya a nan shi ne, ɗan sandan da ke tsaye a bakin titi, babur ya wuce shi a guje, ta yaya zai gane wannan mahayin shekararsa 20 ne ko 22? A goshinsa aka rubuta? Ta yaya zai san akwai takardar inshora a aljihunsa ko babu? A Texas ma tun 2009 doka ta hana ɗan sanda tsayar da mai babur don kawai ya bincika ko ya cika waɗannan sharuɗɗa. Ashe ke nan dokar da aka ce an bar wa yara ta zama dokar takarda. Kuma duk wanda ya san halin samartaka ya san cewa saurayi ɗan shekara 18 ba zai ga manyan da yake kwaikwayo suna sheƙa gudu gashi na kaɗawa, shi kuma ya kife kansa da kwano ba. Zai ga kamar an mai da shi yaro.

Sakamakon bai ɓuya ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta gudanar da bincike a kan Florida, inda ta kwatanta shekaru uku kafin sassaucin da shekaru uku bayansa. Masu sanya hula, waɗanda a da kusan kowa ne, suka dawo kusan rabi. Mace-macen mahaya babura suka ƙaru da kashi 81 cikin ɗari. Gaskiya ne yawan baburan da ke kan titi ya ƙaru a wannan tsakani, amma ƙaruwarsu ba ta kama ƙafar ƙaruwar gawarwaki ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, 'yan ƙasa da shekara 21, waɗanda aka ce doka na nan a kansu daram, mutuwarsu ta kusa ninkawa sau uku. Waɗanda aka yi alƙawarin karewa su aka fi binnewa.

A juya hoton kuma a dubi California. Ita ta daɗe tana turjiya, sai a 1992 ta tilasta wa kowa. Masu sanya hula suka tashi daga kimanin rabi zuwa kusan kowa, kuma a shekarar farko mace-macen mahaya suka ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Jihar Louisiana kuwa ita ce zakaran gwajin dafi, don ta ɗanɗana kowane ɓangare: ta sassauta a 1976, ta dawo da doka a 1982, ta sake sassautawa a 1999, da ta ga abin da ya biyo baya ta sake dawo da ita a 2004. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Batun inshorar nan ma yaudara ce. Dala 10,000 kuɗi ne mai yawa a kunnen talaka, amma a asibitin Amurka, wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, aka yi masa tiyata, ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi a maƙogwaro, ɗawainiyarsa takan ninka wannan adadi sau da dama. In inshora ta ƙare, wa zai biya ragowar? Iyalinsa su sayar da abin da suka mallaka, in ya ƙare a koma kan baitulmalin jama'a. Wannan ita ce hujjar da wata kotun tarayya a Massachusetts ta kafa tun a 1972, lokacin da wani mahayi ya kai ƙara yana cewa dokar ta shiga masa hanci da ƙudundune. Alƙalan suka nuna masa cewa daga lokacin da ya faɗi, jama'a ce za ta kwashe shi daga kan titi, ta kai shi asibitin gwamnati, ta ciyar da shi in ya kasa aiki, ta kuma ɗauki nauyin iyalinsa in ya nakasa. Saboda haka ba zai yiwu ya ce abin ya shafe shi shi kaɗai ba.

Akwai ma wani bincike mai sa tsikar jiki ta tashi, wanda masana tattalin arziki na Jami'ar Jihar Michigan suka fitar a 2011. Sun gano cewa in jiha ta soke dokar hular kwano, sassan jikin ɗan Adam da ake samu daga waɗanda suka mutu a haɗarin hanya, irin su ƙoda da hanta, domin dasa wa marasa lafiya, sukan ƙaru. Dalili a fili yake: saurayi lafiyayye, jikinsa garau, ƙwaƙwalwa ce kawai ta mutu.

Duk da haka adalci ya sa a saurari masu wancan ra'ayin, domin ba duk maganarsu ce shirme ba. Suna cewa hula ba ta hana haɗari, kuma gaskiya ne. Abin da ke hana haɗari shi ne kyakkyawar hanya, da direban mota mai kallon gabansa, da mahayin da ya iya tuƙi kuma bai sha komai ba. Suna cewa gwamnati ta fi son dokar da za ta tatsi tara a kan aikin da za ta kashe kuɗi, kuma wannan ma duk talakan da ya taɓa haɗuwa da masu kaki a shingen hanya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Suna kuma tsoron cewa hukumar da ta shiga kan mutum yau, gobe za ta shiga cikin ɗakinsa. Wanda ya san halin masu mulki ba zai raina wannan tsoro ba.

Inda suka kauce hanya shi ne inda suka mai da gyaran hanya da sanya hula kishiyoyin juna, alhali kuwa ɗaya yana aiki kafin a faɗi ne, ɗayan kuma bayan an faɗi. Mahayin da ya fi kowa ƙwarewa ba shi da iko a kan akuyar da za ta faɗo masa titi, ko direban tifar da birkinsa ya tsinke, ko man da ya zube a kwana. Haka kuma zancen da suke yaɗawa cewa hula tana karya wuya, ko tana toshe ji da gani, binciken likitoci bai gaskata shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne wanda hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta daɗe tana faɗa, cewa hular kwano tana rage yiwuwar mutuwar mahayi da kashi 37 cikin ɗari. Wani nazari kuma da ya tattara bincike-binciken ƙasashe da dama ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari. A ƙasar da mahaya sama da 6,000 suka riƙa mutuwa a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023, ba sai an kira malamin lissafi ba kafin a gane yawan gidajen da za a raba da zaman makoki.

Yana da kyau matashi ya san yadda wannan hula take aiki, domin rashin sanin ne ke sa wasu ɗaukar ta a matsayin ado ko takunkumi. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya daki kwalta ya tsaya cak, ita ba ta tsayawa. Takan ci gaba da tafiya ta daki ƙashi daga ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru, ta kumbura a wurin da babu sararin kumburi. Ɓawon hular na waje mai tauri aikinsa ya baza ƙarfin bugun, ya hana abu mai tsini huda kai. Amma babban aikin yana ga farin soson nan mai kauri da ke ciki, wanda ke murƙushewa a hankali ya shanye bugun, ya ba kai ɗan lokacin tsayawa. Wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, shi ne tsakanin wanda zai tashi ya karkaɗe rigarsa da wanda za a riƙa ba abinci a baki har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a jikinta ba. Shi ya sa kuma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ce ke fara tashi sama kafin mai ita ya kai ƙasa. Ƙafa in ta karye akwai masu ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala. Ƙwaƙwalwa kuwa ba a ɗora ta.

Wani abin lura a tarihi shi ne, mutuwar T.E. Lawrence ce ta buɗe wannan babi, wato jami'in nan na Ingila da ya yi aikin zuga Larabawa su yi wa Daular Usmaniyya tawaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya tsallake harsasan hamada, sai ga shi a 1935 babur ya kayar da shi a wata 'yar hanyar ƙauye a Ingila, kai a buɗe, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa binciken raunin kai a tsakanin mahaya babura, har ya sa rundunar sojan Ingila ta tilasta wa masu kai saƙo a babur sanya hular kwano a 1941. Jihar Victoria ta Ostareliya ta tilasta wa farar hula a 1961, Ingila kuma ta yi a 1973.

A Ingilar ne aka buɗe wata ƙofar ta daban, wadda ta bambanta da ta shekaru da inshora, wato ƙofar addini. Mabiya addinin Sikh, 'yan asalin yankin Punjab, mazajensu ba sa aske gashi, kuma naɗa rawani a wurinsu farilla ce ta addini. Da doka ta zo a 1973 suka ƙi cire rawani, aka yi ta cin su tara, suka yi ta gwagwarmaya ta hanyar lumana, har ɗan majalisa mai wakiltar Southall, Sydney Bidwell, ya gabatar da ƙudurin da ya zama doka a 1976, aka ɗauke musu hular muddin suna sanye da rawani. Dokar motoci ta Indiya ta 1988 ita ma ta ɗauke musu. A Kanada lardunan British Columbia da Manitoba sun daɗe da yin haka, Alberta da Ontario suka bi a 2018. Jamus kuwa ta ƙi: a 2019 babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig ta yanke cewa dole ɗan Sikh ya sa hula in zai hau babur, bisa hujjar cewa ganin mutum ya mutu ko ya ji mummunan rauni a gabanka cutarwa ce ga sauran masu amfani da hanya.

Duk mai kishin addininsa zai ga ƙimar mutanen da suka tsaya a kan aƙidarsu har hukuma ta durƙusa, ko da bai yarda da aƙidar ba. Kuma dokar da ta tilasta wa mutum zaɓi tsakanin ibadarsa da hanyar abincinsa doka ce da ya kamata a yi hattara da ita. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, ɗauke wa mutum tara bai ɗauke wa kansa kwalta ba. Yadin rawani komai yawan naɗinsa ba ya aikin soson hula, kuma ɗan Sikh ɗin da ya hau babur da rawani ya san ya ɗauki kasada ne da idonsa biyu saboda abin da ya fi ransa daraja a wurinsa. Na biyu, wannan hujja ba ta kowa ba ce. Saurayin da ke cewa ba zai sa hular kwano ba don kada ta lotsa masa zanna bukar, ko don kada a ce masa matsoraci a majalisa, ba shi da abin da zai kafa hujja da shi daga addini. Hular kai ado ce da al'ada mai kyau, ana iya ninke ta a sa a aljihu a mayar in an sauka. Malamai kuwa sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin karewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Biyu daga cikinsu, rai da hankali, a cikin ƙoƙon kai suke zaune. Mai cewa "ai in ajali ya yi ko da hula sai an tafi" ya faɗi gaskiya, amma shi da kansa yana kulle shagonsa da kwaɗo, yana ɗaure babur ɗinsa da sarƙa da daddare, bai taɓa cewa ai in ƙaddarar sata ta zo ko da sarƙa sai an ɗauke ba. Babur ya samu sarƙa, kai bai samu hula ba?

Nijeriya ma ta yi nata gwajin, kuma darasinsa ya sha bamban da na Amurka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sanya ranar 1 ga Janairun 2009 a matsayin ranar fara tilasta hular kwano ga mahayi da fasinjansa. Aka wayi gari 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kife kawunansu da ƙwarya, wasu da tukwane, wasu da hular magina, an ɗaura igiya a haɓa, har kafofin labaran duniya suka yi ta yayatawa suna dariya. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabo. Fasinjoji suka ƙi sanya hular da kowa ya sa, wasu don tsoron ƙwarƙwata da makero, wasu don jita-jitar da ta bazu cewa ana haɗa asiri a ciki a sace mutum. Ba a jima ba abin ya lafa, kowa ya koma gidan jiya.

Mai dariya ya yi dariyarsa, amma ƙwaryar nan tana da magana a bakinta. Ba'amurken da ke yaƙi da hula yana hawa babur ɗin da kuɗinsa ya fi na ƙaramar mota, galibi don nishaɗin ƙarshen mako. Hula ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba, ƙi ya yi. Ɗan acaɓa kuwa babur ɗin ma sau da yawa ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum, ga mai, ga kuɗin ƙungiya, ga cefane, sannan a ce ya sayi hula biyu a kasuwar da 'yan kasuwa suka ninka farashi cikin dare ɗaya. An kafa doka ba a tanadi hula mai araha ba, ba a tsare ingancin wadda ake shigowa da ita ba, ba a zauna da ƙungiyoyin masu sana'ar da malamai da masu unguwanni an wayar da kan jama'a yadda ya kamata ba. Dokar da aka saukar wa talaka daga sama haka nan, ƙarshenta ta zama abin ciniki a bakin titi. Daga baya ma hukumomi suka zaɓi hanya mafi sauƙi a gare su: Abuja ta riga ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni tun 2006, Kano kuma ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 bisa dalilan tsaro, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ta maye gurbi. Amma babur bai bar hanya ba. Yana nan a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, yana nan a hannun ɗalibai da 'yan kasuwa da masu kai saƙo, yana nan a hannun 'yan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, ga kuma masu wasan ganganci da shi a ranar ɗaurin aure, ana tayar da ƙafar gaba ana tafi.

Kada kuma wani ya ce ai abin ba mai yiwuwa ba ne a ƙasar talakawa mai zafin rana. Vietnam ƙasa ce mai zafi, babur ne abin hawan kusan kowane gida, ta tilasta hula a kan dukkan hanyoyinta a Disambar 2007 bayan dogon shiri da wayar da kai, kuma cikin 'yan kwanaki mafi yawan mahaya suka bi. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, kuma ba mai hawa sai ya sa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne doka ɗaya ce a kan kowa, babu ƙofar da mai shekaru ko mai kuɗi zai bi ya fice, kuma an tabbatar akwai hular a kasuwa kafin a fara kama mutane.

Saboda haka matashin da ke da babur a yau yana tsakanin abu biyu ne: hukumar da ba ta damu ta tilasta ba sai ranar da take neman tara, da abokan da za su yi masa tsiya in ya sa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kwana a kan tabarma a barandar asibiti yana jiran ya farfaɗo. Mahaifiyarsa ce za ta yi wannan, da matar da bai daɗe da kawowa ba. In zai saya, ya nemi mai rufe kai duka har haɓa, domin muƙamuƙi da fuska suna cikin wuraren da suka fi shan bugu. Ya sa hannu ciki ya taɓa kaurin soson, in ya ji roba ce zalla da ɗan yadi to ta magina ce ko ta bogi, ya ajiye. Ya gwada ta a kansa ya girgiza, in tana rawa ta yi masa yawa. Ya duba igiya da maɓallinta. Wanda kuma ke goya ƙaninsa zuwa makarantar boko da safe ko Islamiyya da yamma, hula biyu yake bukata, ta biyun daidai kan yaron.